Filin jirgin Kaduna ko na Kano: nisan da ke tsakani da lokacin da za ki ci a hanya

Hajiya kin tambaya ko za ki iya sauka a filin jirgin Kaduna da safe ki kama jirgin Umara a Kano da yamma, sannan ke da kike Zariya wanne ya fi miki sauƙi a sauran tafiye-tafiyenki. To ga yadda abin yake.

A sama nisan ba wani abu ba ne, wajen kilomita 200 ne tsakanin filayen biyu, amma ki cire rai da samun jirgin da zai ɗauke ki daga Kaduna ya sauke ki a Kano, mota ce dai. A ƙasa Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne, kuma wannan lissafin gari zuwa gari ne fa. Filin Kaduna yana bayan gari can wajen Afaka a ƙaramar hukumar Igabi, sama da kilomita 20 daga tsakiyar gari, sai kin fito ta Mando kin biyo Kawo kafin ki hau titin Zariya, daga nan Maraban Jos, Jaji, Zariya, Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, sai Kano.

Inda mutane ke cin wuya shi ne shiga Kanon. Filin Malam Aminu Kano yana arewacin gari kusa da Sabon Gari, ke kuma ta kudu za ki shigo, ta Na'ibawa, kenan sai kin ratsa garin kaf, in kika faɗa cunkoson yamma lokacin tashin 'yan kasuwa da 'yan adaidaita to minti 40 ko awa guda na iya tafiya a nan kaɗai. Ni awa 4 nake sa wa wannan tafiya daga ƙofar fili zuwa ƙofar fili, ko da direba ya rantse miki awa 3 ce. Sai ki ƙara awa 3 da ake so ki iso kafin tashin jirgin ƙasar waje, ga awon kaya ga imigireshan. Jiragen cikin gida kuwa kin san halinsu, na ƙarfe 9 ya koma ƙarfe 1 ba wanda zai ba ki haƙuri. Wallahi ba zan ba ki shawarar haɗa su rana ɗaya ba, tikitin Umara ba kuɗi kaɗan ba ne, ki kwana a Kano ko gida Zariya ki yi sammako.

Daga Zariya kuma, Kaduna ta fi kusa, wajen kilomita 80 zuwa gari, Kano kuwa 150 da ɗoriya. Amma jirage sun fi yawa a Kano nesa ba kusa ba, nan ne za ki samu na Jidda da Alkahira da Addis Ababa, in na Legas ko Abuja ya kufce miki da wuya ki rasa wani a ranar. Filin Kaduna ya ga cika a 2017 lokacin da aka rufe na Abuja sati 6 don gyaran titin jirgi, bayan nan harka ta ja baya, sai kuma harin da 'yan bindiga suka kai filin a Maris 2022 ya ƙara sa kamfanoni ɗari-ɗari.

In Legas za ki je kuma kin samu jirgin rana daga Kaduna, ki bi ta can, awa 1 da rabi kin isa filin daga Zariya. Amma kar ki yarda ki bi hanyar Mando zuwa filin da dare.