Old Bailey Online: shari'o'in Landan na kusan shekara 240 a cikin wayarka, kuma kyauta

Jama'a akwai wani shafin intanet da nake son na yi muku bayaninsa, musamman ɗalibai masu karatun lauya da masu karatun tarihi, da kuma irinmu da Allah ya ɗora wa son jin yadda rigimar mutane take ƙarewa a gaban alƙali. Sunansa Old Bailey Online, adireshin oldbaileyonline.org. Ita Old Bailey ɗin babbar kotun manyan laifuka ce ta birnin Landan, har yau tana nan tana aiki, to abin da masu shafin suka yi shi ne suka kwaso rahoton shari'o'in da aka yi a cikinta tun daga 1674 har zuwa 1913 suka zuba a intanet, shari'a sama da 197,000, kuma ba sisin kwabonka, ba wani sai ka yi rajista ko ka saka lambar katin banki, data kawai za ka ƙona, ita ma ba da yawa ba tunda kusan duk rubutu ne. Malaman tarihi ne suka yi aikin, Tim Hitchcock da Robert Shoemaker da Clive Emsley, da haɗin gwiwar jami'o'in Sheffield da Hertfordshire da Open University, an fara buɗe shi a 2003.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Akwai wajen bincike, ko ka saka sunan mutum, ko wata kalma, ko ka zaɓi irin laifin, sata ko kisa ko fashi ko jabun kuɗi, ka zaɓi hukuncin, ka zaɓi daga shekara kaza zuwa kaza, ya zubo maka. Kowace shari'a da lambarta, harafin t sai shekara da wata da rana sai lambar kes ɗin, saboda haka in rubutun makaranta kake yi kana iya kafa hujja da ita malaminka ya je ya duba da kansa. Akwai kuma hoton ainihin shafin takardar da aka buga a wancan zamanin in kana son ka tabbatar ba a yi kuskure wajen kwafa ba, sai dai tsohon bugun nasu harafin s yana kama da f, da farko zai ɗan rikita ka. Har wajen ƙididdiga akwai, ka ce ya haɗa maka jadawalin mata nawa aka kama da laifin sata a shekaru kaza, ya haɗa. Wannan dai a kwamfuta ya fi daɗi, a waya sai kana ja kana matsawa.

Amma ni ba kayan binciken ne suka riƙe ni ba, mutanen ciki ne. Nemi sunan John Hudson, Disamba 1783. Yaro ne aka kawo shi kan zargin ya shiga gida ya kwashi 'yan tufafi. Alƙali ya tambaye shi shekararka nawa, ya ce ya kusa tara. Wace sana'a aka koya maka, ya ce babu, wani lokacin dai yana sharar bututun hayaƙin gidaje. Kana da uba ko uwa? Ya ce sun mutu. Shi ke nan fa maganarsa kusan gaba ɗaya, ba lauya ba dangi ba kowa a bayansa, aka yanke masa shekara 7 na kora daga ƙasa, kuma wai sassauci aka yi masa don da an kama shi da cikakken laifin fasa gida da dare rataya ce. Yana cikin ayarin jiragen farko da suka tashi a 1787 suka kai fursunoni Ostireliya. Wallahi na karanta wannan na daɗe ina kallon sikirin. Irin wannan yaron ba wanda zai rubuta tarihinsa, ba mawaƙi ba marubucin fada, da ba don kotu ba ko sunansa ba za a sani ba, kuma irinsa dubbai ne a ciki, 'yan aikatau da masu wanki da masu tura amalanke da matuƙan jirgin ruwa, har da baƙaƙen fata da Indiyawa da suke zaune a Landan tun wancan lokacin, wani a matsayin shaida, wani mai ƙara, wani wanda ake tuhuma.

Mu da aka koya mana dokar Ingila a aji kamar daga sama ta sauko a wanke a goge, shafin nan zai gyara mana tunani. Zuwa farkon shekarun 1800 laifukan da hukuncinsu kisa ne a Ingila sun haura 200. Sata a kanti ta sule 5, rataya. Sata a cikin gida ta sule 40, wato fam biyu, rataya. To su mutum 12 ɗin nan na gari da ake zaunarwa su ce da laifi ko babu, ai su ma mutane ne, sai suka samo dabara, za ka ga an saci kayan da kowa ya san sun fi fam biyu nesa ba kusa ba, amma sai su ce eh ya yi sata amma kayan na sule 39 ne. Ko na kanti su ce sule 4 da kwabo 10. Sun rantse fa, kuma alƙali yana ji yana gani ya kawar da kai, don kowa ya san in suka ƙara sule ɗaya wuyan mutum ne. Ka saka sule 39 ɗin a wajen bincike ka ga yadda za su yi ta fitowa reras, wannan kaɗai ya ishe ka darasin yadda doka take a takarda da yadda take a zauren kotu.

Ga kuma sauri. Sau 8 a shekara kotun take zama kafin 1834, cikin 'yan kwanaki a share shari'o'i gommai, da yawa ba sa wuce rabin awa, masu yanke hukuncin ma, wato mutum 12 ɗin nan, ba sa fita, nan inda suke za su haɗa kai su yi ƙus-ƙus su faɗa. Mu da muka saba da an ɗage zuwa wata mai zuwa, fayil bai iso ba, lauyan wancan ɓangaren ya yi tafiya, za ka fara cewa kai ina ma, amma ka ƙara karantawa tukuna. Wanda aka yi wa sata shi ne mai gabatar da ƙara da kansa, don 'yan sandan Landan irin na yanzu sai 1829 aka kafa su. Wanda ake tuhuma daga kurkukun Newgate da ke maƙwabtaka ake fito da shi, yawanci bai san me shaidu za su ce ba sai a wajen. Lauya mai kare shi sai wajen shekarun 1730 aka fara bari ya shigo, shi ma tambayar shaidu kawai zai yi, bai da ikon yi wa masu yanke hukunci jawabi sai da aka yi dokar 1836, shi kuwa wanda ake tuhumar bai samu damar ba da shaida bisa rantsuwa ba sai 1898. In kana son ka ga lokacin da lauyoyi suka fara baje kolinsu nemi lauya William Garrow daga 1783 zuwa gaba, mutumin nan in ya riƙe shaida da tambaya sai ka tausaya wa shaidan, musamman masu farautar ɓarayi don kuɗi, don a lokacin gwamnati tana biyan fam 40 ga wanda ya sa aka kama ɗan fashi da laifi, ka ga kuwa dole a samu masu ƙulla wa bayin Allah sharri. Ubangidansu Jonathan Wild, wanda yake aika ɓarayi su yi sata sannan ya karɓi lada wajen mai kaya wai ya nemo masa, shi ma a nan aka yi masa shari'a aka rataye shi a 1725, shari'arsa tana cikin shafin.

To yanzu inda nake son a yi hattara, don na ga wasu suna ɗauka duk abin da ke ciki shi ne kalma da kalma abin da aka faɗa a kotu. A'a. Wannan ba rijistar kotu ba ce irin wadda rajistara yake ajiyewa, asalinta 'yar mujalla ce da 'yan kasuwa suke bugawa bayan kowane zama su sayar a titi. Mai saurin rubutu ya zauna ya ɗauka, mai bugawa ya yanke abin da yake ganin ba zai sayu ba. Na farko-farkon gajeru ne ƙwarai, layi biyar an gama da ran mutum, wasu fitowar ma sun ɓata gaba ɗaya musamman kafin 1714. Kisa da abin kunya sukan samu shafuka, ƙaramar sata a dunƙule. Maganar mai kare kansa ita aka fi datsewa, hujjar lauyoyi kan doka kuwa sau da yawa ba a sawa sam, kuma hukumar birnin Landan da take ba da lasisin bugawa tana son a nuna kotu ba ta kuskure, har akwai kusan shekara biyu a farkon shekarun 1790 da aka hana buga bayanin shari'ar da aka sallami mutum, wai kada ɓarayi su koyi hanyar kuɓuta. Daga ƙarshen ƙarni na 18 kuma shari'o'in fyaɗe da makamantansu sai a rubuta bai dace a buga ba kawai a wuce. Abin da ya burge ni su masu shafin ba su ɓoye wannan ba, sun yi dogon bayani a ɓangaren tarihi, matsalar dai mutanenmu ba ma karanta bayani, kai tsaye muke faɗawa.

Na biyu, hukuncin da ka gani a ƙarshen shari'a ba lallai shi aka zartar ba, a nan ne fada take shigowa. Yawanci wanda Old Bailey ta yanke wa kisa sai babban alƙalin birnin ya kai rahotonsa gaban sarki da majalisarsa, su zaɓi wa za a rataye wa za a yi wa afuwa, haka ake yi har 1837 da Sarauniya Victoria ta hau. Duba Mary Wade, Janairu 1789, yarinya ce ba ta kai 14 ba, ita da ƙawarta suka tuɓe wa wata 'yar shekara 8 riga da hula suka kai jingina, shafin zai nuna maka kisa, in ka tsaya nan sai ka ce an rataye ta. Ina! A shekarar ne Sarki George na uku ya warke daga taɓin hankalin da ya same shi, cikin murna aka sauya wa mata da dama hukunci, ita ma aka mayar da nata kora, ta isa Ostireliya a 1790, ta yi aure ta hayayyafa ta tsufa a can. Don bin irin wannan sai ka haɗa da 'yan uwan shafin guda biyu, London Lives da Digital Panopticon, su ne suke ɗinke sunan mutum da takardun kurkuku da na jirgi, su ma kyauta ne.

Ɗalibin lauya na Arewa kada ka ce me ya haɗa ni da Landan. Nemi shari'ar Daniel M'Naghten ta 1843, wanda ya harbe Edward Drummond sakataren firaminista Robert Peel, aka wanke shi daga laifin kan cewa ba shi da hankali. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta haifar da ƙa'idar nan ta cewa ba a kama mai taɓin hankali da laifi in bai san abin da yake yi ba ko bai san laifi ba ne, ta shiga kundin laifuka na Indiya na 1860, ta bi ta Sudan, ta iso cikin Penal Code ɗinmu, wato kundin laifuka na Arewa, da ya fara aiki a 1960. Ka haddace ta don jarrabawa, to ga shaidun likitocin nan ka karanta da idonka.

Abin da ya ɗan tsaya min a rai, shekarar da wannan rahoto ya tsaya, 1913, a daidai ita a Kano ana rubuta shari'o'in majalisar Sarki Abbas da Larabci, rigimar gona da gado da diyya da bayi masu neman 'yanci, har wani malamin tarihi Ba'amurke Allan Christelow ya fassara wasu na 1913 zuwa 1914. Ga rijistocin kotunan alƙalai na zamanin En'e kafin a rushe kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960. Kayan muna da su, kuma a ganina sun fi na Landan ɗin kusa da ainihin rijista tunda ba don sayarwa aka rubuta su ba. Da za a samu masu Larabci da ajami da 'yan kwamfuta su zauna su yi musu irin wannan aikin, da mai neman asalin gonar kakansa ma ya huta.

Sai ƙananan abubuwa. Komai da Turanci ne, kuma tsohon Turanci, na ɗauka wanda ya gama sakandare da kyau zai iya bi amma zai sha tuntuɓe da sunayen tufafi da kayan gida da ba a amfani da su yanzu, fassarar waya kuma tana kwaɓa su sosai, gara ka buɗe ƙamus. Sunaye ba su da tsayayyen rubutu, mutum ɗaya a rubuta shi iri biyu ko uku, in ba ka samu ba sauya harafi ka sake. Landan da kewayenta kawai ya ƙunsa, kuma manyan laifuka kawai, ba aure ba gado ba rigimar fili. Masu raunin zuciya ku kiyayi ɓangaren kisan jarirai da bayanan limamin kurkukun Newgate kan waɗanda za a rataye, ba daɗin karantawa da dare.

In maki zan ba shi, 9 cikin 10, ɗayan na riƙe ne saboda wahalar jadawali a waya. Wanda zai shiga yau ya fara da shekarun 1780, nan ne rahoton ya fi cika da tambaya da amsa.