Ɗan akwatin zaɓar fayil: Windows, Ubuntu da KDE a shagon kafe

Duk mai aikin kafe ya san ɗan akwatin nan da ke tasowa in ka danna Choose File ko Browse za ka ɗora fasfo ko takarda a fotal. Mutane sun fi son maganar RAM da furosesa, shi ba a ko kula shi, amma mu da ke da shago a Gwallameji kusa da Federal Poly, lokacin rajistar NYSC ko cike fom ɗin neman aiki wallahi ba abin da hannu ke taɓawa kamarsa. Na gwada shi a Windows 10 da 11, da Ubuntu (wani nau'in Linux), da Linux mai fuskar aiki ta KDE, duk a kan tsofaffin kwamfutoci na hannu irin waɗanda yawancinmu ke iya saya, to ga yadda na same su.

Abin da nake fara dubawa shi ne, zan ga hoton kafin in zaɓa ko kuwa? Don kwastoma ta WhatsApp yake turo fasfo, sunan ya zo kamar IMG-20240312-WA0017, na bayansa WA0018, sikana ita ma lamba take jerawa, in suna kaɗai akwatin zai nuna maka ka shiga uku, kamar a tura ka kasuwar Muda Lawal ka ɗauko buhun wani alhali duk buhunan ba shaida a jiki. Kuma ɗora fuskar wani a fom ɗin wani ba ƙaramin tashin hankali ba ne, wasu fotal ɗin in ka tura shi ke nan.

A nan Windows ya ci tuta gaskiya. Fasalin da muke gani yanzu tun Vista ne a 2007, bai sauya sosai ba, ni kuma hakan ma ya yi min don yaron da na koya wa a Windows 7 yau in ya zauna gaban 11 ba sai an sake koya masa ba. Kana iya sa Large icons ka ga fuskoki, amma ni na fi son Details sannan in danna Alt+P, sai hoton ya fito a gefen dama, ga girman fayil a jere, ka san ko ya wuce KB ɗin da fotal ke karɓa tun kafin ya dawo maka da jan rubutu. Kuma a cikin akwatin kana iya danna F2 ka canza suna, ka buɗe sabuwar folda, ka yi kilik na dama ka buɗe hoton a Paint ka rage shi ka dawo ba tare da ka rufe komai ba, ga Hajiya tsaye a kanka tana cewa "ɗan nan yi sauri mana, mai keke na jirana", irin wannan lokacin ne za ka san darajarsa.

Sauri kuma wata magana ce. In akwatin ya buɗe fari fat yana ta tunani, yawanci a foldar Downloads ne, saboda mu ba ma sharewa, hotuna da PDF na shekara da shekaru duk a wuri ɗaya, shi kuma Windows sai ya leƙa cikin folda ya tantance ko ta hotuna ce ko ta takardu sannan ya ƙera ƙananan hotunan nan, in hadis ɗinka irin mai juyawa ne ka sha jira. Maganin da ya yi min aiki, kilik na dama a foldar, Properties, Customize, a Optimize this folder for ka zaɓi General items. Wanda ya fi shi kuma ka cire tsohon hadis ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, ko da 128GB ce, kwamfutar da muka yi wa haka sai ka rantse sabuwa aka kawo. Akwai kuma laifin da na haɗinmu ne, sikana tana jone da kwamfuta ɗaya sauran suna ɗauka ta netwok, to in wuta ta ɗauke waccan ta mutu, akwatin yakan tsaya yana lalubar foldar da babu ita kafin ya haƙura. Haka in fayil na OneDrive ne, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, mai alamar gajimare, ba ya kan kwamfutar, sai an sauko da shi tukuna, da data mai jan ƙafa kuwa ka san sauran.

Abin da ban so ba shi ne rarraba Downloads zuwa Today, Yesterday, Last week da aka shigo da shi a Windows 10 a 2019. Wasu na so, ni yana rikita min jeri, ana kashe shi ta Group by sannan None amma akwatin wata manhajar sai ka ga ya dawo da abinsa.

Ubuntu na sa ne don dole, tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa wadda in ta Intel ce sai daga ƙarni na 8 zuwa sama, rabin injinan shagon ba su kai ba. Akwatin GNOME, wato fuskar aikin da Ubuntu ke zuwa da ita, yana buɗewa da wuri, ba tarkace, wannan na yaba. Sai dai labarinsa da hoto abin dariya ne, tun 2004 mutane ke roƙon a sa jerin manyan hotuna a ciki, ba a sa ba sai Maris 2023 da GNOME 44 ya fito, kuma ko yanzu manhajar da ke kiran tsohon akwatin GTK 3 (GTK shi ne tubalin da ake gina manhajojin GNOME da shi) kai tsaye jerin sunaye za ta ba ka. Na biyu, a Windows in ka buga harafin M zai tsallaka da kai kan fayil na farko mai M, a nan kuwa bincike yake farawa, sai ka ga ya kwaso maka abubuwa har daga foldojin ciki. Yaron shagona ranar farko cewa ya yi "Oga wannan ai gaban kansa yake yi". In kana son rubuta adireshin folda da hannu Ctrl+L ne, ba ya nuna wurin sai ka danna.

Na KDE shi ne ya fi kusa da abin da muka saba, har ya ɗan ɗara a wani wajen, akwai ɗan abin ja da kake ƙara girman hotuna daidai idonka, akwai nuni a gefe, kuma bai yi min nauyi ba a kwamfuta mai 4GB. In Firefox ya kawo maka akwatin GTK a kan KDE, rubuta about:config a gurbin adireshinsa ka mai da widget.use-xdg-desktop-portal.file-picker zuwa 1, sai ya koma na KDE. Na Mac a laftof ɗin wani malami kawai na taɓa, ka danna space hoto ya taso babba, ya burge ni, amma wa zai cika kafe da Mac.

Dabarar da ta fi rage min wahala ma ita ce kauce wa yawo cikin akwatin. File Explorer na Windows 11 ya samu tab a 2022 amma akwatin bai san foldar da ka buɗe a can ba, don haka in na riga na ga fayil ɗin sai in yi Ctrl+Shift+C a Windows 11, a 10 kuma Shift da kilik na dama sannan Copy as path, in manna a gurbin File name in buga Enter. A Chrome da Firefox ma sau da yawa jawo fayil ɗin kawai nake yi in sake shi a kan maɓallin Choose File. Neman tsohuwar takarda kuwa manhajar bincike Everything ta voidtools nake buɗewa a Windows, kyauta ce, kana buga suna tana fito da shi.

Yanzu dai teburin ɗora fasfo na bar shi a Windows 11 mai SSD, tsofaffin injinan ina mai da su KDE ɗaya bayan ɗaya, Ubuntu kuma na bar wa masu taifin da firintin tunda su ba ruwansu da fuskar kowa.