Sharhi kan manhajar PhotoPills bayan na gwada ta a tsaunukan Mambila

Duk mai son ɗaukar hoton tsauni da sassafe a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya ya san cewa hasken da yake nema ba ya daɗewa, domin rana tana hawowa kusan a miƙe, digiri 1 a cikin kimanin minti 4. Shuɗin hasken da ke zuwa gab da hudowarta bai kai minti 10 ba, kuma kafin mutum ya gama kafa kyamara a kan ƙafafunta ya wuce. Wannan ne ya sa na sayi PhotoPills, manhajar waya da ke lissafa wa masu ɗaukar hoto hanyar rana, kafin in hau Mambila a Jihar Taraba, inda na yi aiki da ita a kewayen Gembu da Nguroje.

Abin da ya fi amfanata shi ne taswirarta. Mutum yana dasa jar alama a wurin da zai tsaya, ya dasa baƙa a kan ƙololuwar da yake so ta shiga hoton, sai manhajar ta nuna masa nisan da ke tsakaninsu, da bambancin tsayinsu, da layin da rana za ta biyo a ranar da ya zaɓa. A cikin tsaunuka wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne, saboda tudun da ya tsere wa mai hoto da digiri 5 yana jinkirta bayyanar rana da kusan minti 20. Haka kuma mahudar rana tana kaurawa da kusan digiri 47 tsakanin Yuni da Disamba, don haka kwarin da ya cika da haske a wani wata yana iya zama cikin inuwa a wani.

Na daidaita tafiyata da sallar asuba, tunda alfijir yana ketowa fiye da awa guda kafin hudowar rana. Ina idar da salla sai in hau tudu da tocila, raɓa ta jiƙe mini ƙafar wando sharkaf, in ɗaga waya ta zana mini hanyar rana a kan sararin da ke gabana tun gari bai waye ba. Da lokaci ya yi, hasken ya fara taɓa kan tudun da ta nuna, alhali kwarin da shanu suka kwana yana lulluɓe da farin hazo.

Hazo da gajimare ba sa cikin abin da lissafin rana zai faɗa, kuma a nan na fi dogara ga ɗan garin da ya yi mini rakiya, wanda kan dubi sama da daddare ya ce ko gari zai washe. Manhajar tana buƙatar haƙurin koyo, kuma ya kamata a tsara komai a adana tun ana cikin gari, domin intanet yana ƙaranci a kan tuddai. Ga mai niyyar zuwa Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, inda ake yin doguwar tafiya a ƙafa, ina ganin kuɗinta bai tafi a banza ba.