Kafin ka kashe kuɗi kan kayan koyar da matasa haƙƙin ɗan Adam da zaman lafiya

Idan kai shugaban makarantar sakandare ne, ko malama mai kula da ƙungiyar matasan unguwa, kuma aka ba ka ɗan abin da za ka sayi kayan koyar da haƙƙin ɗan Adam da sasanta rikici, zaɓin da ke gabanka ya fi kuɗin aljihunka yawa. Abin mamaki, waɗanda suka fi amfani ba su ne suka fi tsada ba.

Abu na farko da mai kantin littattafai zai miƙo maka shi ne littafin darasin zama ɗan ƙasa na gari, wanda ake koyarwa a sakandare a Najeriya kuma ake zana jarrabawarsa. Ka saya, domin yaro na buƙatarsa don ya ci jarrabawa, kuma a ciki zai ga babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera haƙƙin rayuwa, da mutunci, da 'yancin addini da na faɗar albarkacin baki. Amma kada ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Littafin hadda ne. Yaro zai iya zayyano maka haƙƙoƙin nan tiryan-tiryan da safe, da yamma ya shiga cikin masu jifan wanda aka yi wa ihun ɓarawo.

Na biyu ba ya cin komai sai kuɗin buga takarda: ainihin takardun da kansu. Jawabin haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a birnin Faris ranar 10 ga Disamba, 1948, sassa 30 ne kacal, kuma akwai shi da Hausa a shafin ofishin Majalisar mai kula da haƙƙin ɗan Adam. Shafuka kaɗan ne, kowane ɗalibi zai iya riƙe nasa. Sai dai ka shirya, domin sashe na 16 kan aure da na 18 kan 'yancin sauya addini za su jawo tambaya daga ɗalibai, gobe kuma daga iyayensu. Kada ka tsallake su. Ka faɗa musu gaskiya cewa tun ranar da aka kaɗa ƙuri'a ƙasashe 48 suka amince, 8 suka ƙaurace, cikinsu har da Saudiyya da Tarayyar Sobiyet da Afirka ta Kudu, kowace da nata dalilin. Muhawarar ta girmi kakanninsu, ba a ajinka ta fara ba.

Ni da zan zaɓa, ba zan raba wannan takarda ita kaɗai ba. Zan haɗa ta da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, wadda ake kira ta Banjul, da kuma ta haƙƙin yaro da walwalarsa ta 1990. Dalili kuwa, waɗannan biyun sun yi maganar da ke kwantar wa iyaye hankali: bayan haƙƙi akwai nauyi. Sashe na 31 na yarjejeniyar yara ya ce yaro ya girmama iyaye da manya, ya kuma taimake su idan suna cikin buƙata. Uban da ke ganin ana neman koya wa ɗansa fitsara, idan ya ga wannan sai ya sassauta. A makarantar Islamiyya kuwa hanya a buɗe take, ga Hilful Fudul, ga Sahifar Madina, ga huɗubar bankwana da ta haramta jini da dukiya da mutunci. Malami mai basira zai jera su gefe da gefe, ɗalibai su nemo inda aka haɗu da inda aka rabu.

Na uku shi ne wanda na fi so, duk da yana da nasa wahalar. Ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe ta fitar da wani jagoran malamai mai suna Compass a 2002, aka sabunta shi a 2012. Kyauta ake sauke shi a intanet, akwai shi da Turanci da Faransanci da Larabci, don haka malamin Zinder ko Maraɗi ma zai iya amfani da shi. Ba lacca ba ce a ciki, wasanni ne da muhawara. Akwai wani da ake ba kowane ɗalibi 'yar takarda ɗauke da matsayin da zai ɗauka, wani ɗan attajiri, wani ɗan gudun hijira, wata mai naƙasa. A jera su a layi ɗaya, malami ya riƙa karanto jumloli irin su "ina cin abinci sau uku a rana", wanda abin ya dace da shi ya yi taku ɗaya gaba. Kafin minti goma wasu sun kai bakin katanga, wasu ko motsi ba su yi ba. Shirun da ke biyo bayan wannan ya fi darasin zango guda.

Matsalarsa biyu. Ɗaruruwan shafuka ne, buga shi duka asara ce, ka zaɓi wasanni biyar ko shida ka buga su kawai. Sannan don matasan Turai aka rubuta shi, dole malami ya zauna ya sauya misalan: almajiri, mai talla, ɗan makiyayi da ɗan manomi, yarinyar da aka cire daga makaranta. Idan malaminka ba mai irin wannan zama ba ne, littafin zai sha ƙura a kan tebur.

Darussan intanet, irin na kyauta da ƙungiyar Amnesty International ke bayarwa, sun fi dacewa da malami ya ƙara wa kansa sani. Ga ɗalibai kuwa sai waya, sai data, sai caji, sai Turanci mai ƙwari. A aji mai mutum saba'in, lissafin ba ya fita.

Sai taron kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, inda yaro ke wakiltar wata ƙasa ya yi jawabi a madadinta. Yana koyar da bincike da tsayuwa gaban jama'a, ba a musu. Amma shi ya fi kowanne cin kuɗi: rajista, mota, masauki, har da kwat. Yara biyar ko goma ke mora, yawanci ma waɗanda bakinsu ya riga ya buɗe. Idan kuɗin bai taka kara ya karya ba, ka yi naka a zauren makaranta, a kwaikwayi zaman ECOWAS ko na Tarayyar Afirka.

Abin da bai kamata a manta da shi a kasafi ba shi ne mutum. Ka ware kuɗin motar baƙo. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa zama a ɓangarori biyu masu gaba da juna, Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai tare a 1995. Ba lallai ka samu su ba, amma kusan kowane gari yana da mai unguwa ko dattijuwar da ta saba raba faɗa, ko lauya daga ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a jiharku. Su zo su faɗa wa yara yadda ake zaunar da mutum biyu da ba sa ga maciji, wa ke fara magana, me ake yi idan ɗaya ya miƙe zai fita.

Idan kuɗin na abu ɗaya ne tak, ka buga jawabin 1948 da Hausa ga kowane ɗalibi. Idan ya kai na biyu, ƙara wasannin Compass da kwali da alƙaluma. Ragowar a ba kulob ɗin sulhu na ɗalibai, wanda za a riƙa kai masa ƙananan rigingimun aji kafin su kai ofishin mai horo, tare da littafin rubutu guda da za su riƙa shigar da abin da aka sasanta a kai.