Sharhi kan NordGen, rumbun irin shuka na ƙasashen sanyi

Duk mai binciken alkama ko sha'ir masu jure sanyi zai buƙaci NordGen, da ke Alnarp a kudancin Suwidin. Rumbun na riƙe da samfurin iri sama da 30,000, kuma yana ba masu bincike kyauta. Za ka zaɓi samfuri a shafinsu na GENBIS, ka amince da SMTA, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta musayar irin shuka, sannan su aiko. Ƙwayoyi kaɗan ake bayarwa, don haka kakar farko ta ninka iri ce kawai. Ka nemi izinin shigo da iri daga hukumomin ƙasarka da wuri, domin a nan aikin ya fi tsayawa.

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne alkamar hunturu. Sai tsironta ya yi mako 6 zuwa 8 a sanyin digiri 2 zuwa 5 kafin ta fitar da kai. In ka shuka ta a Kadawa ta jihar Kano, sanyin hunturunmu bai isa ba, ganye kawai za ta tara. Wadda ba ta buƙatar wannan sanyi ita ce ta dace da gonarmu.

Raunin NordGen guda: wasu tsofaffin samfura bayanansu ba su cika ba.