Ajin neman lasisin riƙe bindiga a Houston: ya ci kuɗinsa, amma akwai gyara

Duk ɗan'uwanmu da ke zaune a Texas kuma yake tunanin ajiye bindiga a gida, shawarata ita ce ya fara zama ajin neman lasisi kafin ya taka ƙafarsa shagon sayar da ita. Ni na yi nawa ne a wani filin koyon harbi da ke kudu maso yammacin Houston, ɓangaren da 'yan Najeriya suka fi yawa. Aikin dare nake yi, maiɗakina da yara su kaɗai nake bari, kuma an fasa motoci a unguwarmu. Abin da ya kai ni ke nan.

Doka ba ta tilasta wa kowa wannan aji. Tun ranar 1 ga Satumba 2021, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a kan wata sabuwar doka, wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya haramta masa makami yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Shi ya sa wasu abokaina suka ce ɓata kuɗi ne. Ban yarda da su ba. Kuɗin ajin bai kai dala ɗari ba, na jiha dala 40 ne, sai ɗan abin da za ka biya wajen ɗaukar zanen yatsa. Abin da na ji a ɗakin nan ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba.

Malaminmu dattijo ne, tsohon ɗan sanda, ba shi da hayaniya. Jiha ta ƙayyade awa 4 zuwa 6 na karatu, kuma mafi yawan lokacin a kan doka ya tafi da shi. Nan ne ajin ya fi ƙarfi. Ya nuna mana allunan hana shiga da bindiga da ake liƙawa a ƙofar shaguna, mai lamba 30.05 da 30.06 da 30.07, da jan allon nan mai 51% na wuraren da barasa ce mafi yawan cinikinsu, inda shiga da bindiga babban laifi ne. Na sha wuce waɗannan alluna, sai ranar na san abin da kowanne ke hanawa.

Sai maganar yaushe ne doka ta yarda ka harbi mutum. Dokar Texas tana da faɗi ƙwarai a nan, har akwai sashen da ya ba da damar amfani da ƙarfin da zai iya kisa don kare dukiya idan da dare aka yi satar, bisa wasu sharuɗɗa. Wani saurayi a bayana ya tambaya ko ke nan zai iya harbin wanda ya gani yana kwance masa tayar mota. Dattijon bai yi masa tsawa ba. Ya lissafa masa abin da zai biyo baya: 'yan sanda, lauya, shari'ar da iyalan mamaci za su iya shigarwa, da kuma kwana da tashi da sanin ka kashe ɗan wani saboda taya. Ɗakin ya yi tsit. Ya kuma daɗe a kan yadda ake kashe wutar rigima da baki, musamman faɗan kan titi tsakanin direbobi, wanda duk mazaunin Houston ya san ba wasa ba ne. Ƙa'idarsa ta kada ka taɓa juya bakin bindiga wajen abin da ba ka nufin harbi, ko da ka tabbata babu harsashi, ta tuna mini hadisin da Annabi (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa.

Gwajin harbi bai da wuya: harsashi 50, ashirin daga yadi 3, ashirin daga yadi 7, goma daga yadi 15, ana so ka ci maki 175 cikin 250. Suna ba da hayar bindiga da abin toshe kunne da tabarau. Wurin a tsabtace yake, mai kula da layi kuma idonsa na kan yatsan kowa, da ka kai shi kan kunama kafin lokaci zai dafa kafaɗarka. Amma kowa ya sani, cin wannan gwaji ba ya nufin ka iya bindiga. Wanda bai taɓa riƙewa ba ya nemi darasin 'yan koyo tukuna.

Inda suka gaza shi ne wajen darasin ajiyar bindiga a gida. Darasi ne da jiha ta wajabta, amma a ƙarshen yini aka kawo shi, kowa ya gaji, aka bi ta kansa a gurguje. Kafin nan kuwa an ba wani mai tallan inshorar da ke biya maka lauya idan ka yi harbi lokaci mai tsawo yana tsorata mu don mu yi rajista. Wannan ya ɓata mini rai, domin ga mai yara ajiya ita ce gaba da komai. Dokar Texas kanta ta mayar da shi laifi ka bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai iya ɗauka. Alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka, CDC, sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. Tun 2020 bindiga ta sha gaban hatsarin mota wajen kashe yara da matasa. A Michigan, a 2024, kotu ta ɗaure uwa da uban yaron da ya harbe 'yan makarantarsu a garin Oxford, saboda su suka saya masa bindigar kuma ba su killace ta ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ambata mana ba.

Malamin ya kauce wa siyasa, na kuma yaba masa. Ni dai ra'ayina bai ɓoyu ba. Na san gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya ba da 'yancin mallakar makami, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin mutum ne shi kaɗansa, ba na rundunar sa-kai kawai ba. Ba na jayayya da mai son kare iyalinsa, ni ma shi ya kawo ni. Amma jihar da ta ga abin da ya faru a garinta na Uvalde a watan Mayun 2022, inda aka harbe yara 19 da malamai 2 har lahira a makarantar firamare, bai kamata ta bar mutum ya rataya bindiga a ƙugu bai zauna ko awa ɗaya an karanta masa doka ba. Da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga a watan Yunin 2022, tambayar da na yi ta yi wa 'yan'uwa a waya ita ce wa zai koya musu, kuma ina za su ajiye ta a gidan da yara ke shiga kowane ɗaki.

Idan za ka je, ka zaɓi ranar da ba ka fito daga aikin dare ba, ka tafi da rufaffen takalmi da riga mai rufe wuya saboda kwanson harsashi da zafinsa yake faɗowa. Idan an zo darasin ajiya ka ɗaga hannu ka yi tambaya har sai ka gamsu. Akwatin ƙarfe mai kulle kuma ka saye shi tun kafin bindigar ta shigo gida, ni haka na yi.