Garejin da ya gano abin da ke shanye mini fetur, ya kuma kusa ƙona mini inji

Motata a-kori-kura ce ƙirar Toyota Hilux mai injin fetur na lita 2.7, kuma da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa Jos. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake rubuta kowace lita da na sha a ɗan littafi, saboda haka ba zato nake yi ba idan na ce da shigowar hunturun nan motar ta sauko daga kusan kilomita 9 a lita zuwa ƙasa da 7. Bakaniken da na saba da shi ya canza filogi, ya wanke nozul, ya ce idan ba a ga sauƙi ba sai a sayi sabon famfon mai, amma duk wannan bai rage ko cokali ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har na fara zargin ɗan ƙanwata da ke tuƙa motar, na tsare shi da tambaya ko zuƙar man yake yi yana sayarwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ɗaukar ko kwalba ɗaya ba," ni kuwa a lokacin zuciyata ba ta yarda ba.

A wannan hali ne wani abokin sana'ata ya tura ni wani gareji da ke duba mota da kwamfuta. Na je ba da wani kyakkyawan fata ba, domin na sha ganin masu jona na'ura su goge wutar gargaɗi su karɓi kuɗi su sallami mutum. Wani matashi ne ya karɓe ni, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa na'urarsa ba sai da ya gama yi mini tambayoyi: da ƙarfe nawa muke tashi, minti nawa muke barin motar a silo da asuba, kuma ko hita tana ba da zafi sosai. Da na ce masa iskar hitar ɗumi-ɗumi kawai take yi, sai ya ce in bar motar ta kwana a wurinsu, yana so ya same ta da sanyinta.

Washegari da misalin ƙarfe shida da rabi, hazo ya rufe gari, jaura tana kaɗawa, ya jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari ya miƙo mini ita ya ce in riƙe in sa ido a kan lamba ɗaya, wato zafin ruwan inji. Muka ɗauki hanyar Bukuru. Bayan tafiyar minti 25 lambar tana yawo tsakanin digiri 58 da 62, idan muka gangara ma sai ta ƙara sauka. Ya ce, "Alhaji, injin nan kamata ya yi a ce tuni ya haura 80 ya tsaya a nan, ina tsammanin babu tamostat a cikinsa." Da muka koma ya kwance kusoshin da ke riƙe da bakin tiyon ƙasa na lagireto, ya haska mini da tocila, sai ga wurin wayam, babu komai sai tsatsa a zagaye. Nan take na tuna cewa da bazarar da ta gabata, lokacin da motar ta taɓa yin zafi, an ce mini an cire wani ɗan ƙarfe da ba shi da amfani a ƙasarmu, wai na ƙasashen ƙanƙara ne.

Bayanin da ya yi mini ya shiga kaina sarai. Aikin wannan ɗan ƙarfe, wato tamostat, shi ne ya toshe hanyar ruwa zuwa lagireto har sai zafin ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe. Idan babu shi, ruwan yana zagayawa tun daga tayar da mota, iskar Jos ta Disamba da Janairu, wadda kan sauka kusa da digiri 10 da asuba, tana ta hura shi, injin ba ya samun ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi. Ƙwaƙwalwar motar kuma muddin tana ganin injin da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur, ga baƙin mai bai saki jiki ba balle ƙarafa su juya cikin sauƙi. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya kai mini hanci, na ji warin fetur ƙarara. Ya kuma nuna mini tayoyin da sanyi ya rage wa iska, ya wanke sansar da ke auna iskar da ke shiga inji, wadda ƙurar hunturu ta lulluɓe, sannan ya gaya mini gaskiya cewa matatar iska da ta toshe ƙarfin mota ta fi ragewa, ba ita ce ke shan man ba, amma in canza ta. Ya hana mu barin mota a silo minti 20 da sunan ɗumama inji, ya ce tafiya a hankali ta fi saurin ɗumama shi. A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi babu gareji irin wannan a duk Filato.

Sai dai aikin ɗaura sabon tamostat ba shi ya yi ba, yaran mai garejin aka bar wa, kuma daga nan ne labari ya sha bamban. An ce in dawo da la'asar, motar ba ta fito ba sai bayan kwana uku, wayar mai garejin kuwa tana ta ƙara ba a ɗauka, alhali buhunan da na saya suna jibge a ƙauye. Na biya kuɗin ruwan lagireto na gwangwani, amma daga baya na tarar da ruwan rijiyar burtsatse aka ɗura mini, ko launi babu. Mafi muni, ba su fitar da iskar da ta maƙale a cikin tiyo ba bayan sun cika ruwan. Kwana biyu da karɓar motar, muna dawowa daga Akwanga da kaya, a tsakiyar Hawan Kibo allurar zafi ta miƙe zuwa ja. Duk wanda ya san wannan hawa da tirelolin da ke gangarowa a kansa ya san ba wurin tsayawa ba ne. Allah ya sa ɗan ƙanwata da ke tuƙi ya lura da wuri ya kashe injin, da yanzu maganar gasket ko sabon inji ake yi.

Da na koma da ƙorafi, mai garejin ko haƙuri bai ba ni ba, sai cewa ya yi, "Ai Alhaji dama shi ya sa muke cire abin nan, ba ya yi da yanayinmu." Wato a gareji ɗaya, mai na'ura yana cewa a mayar, ubangidansa yana cewa a cire. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin irin wannan magana ce ta jawo mini asarar fetur na wata biyu tun farko. Matashin ne ya zo ya tsiyaye ruwan, ya zuba na gaskiya wanda na sake saya da kuɗina, ya bar injin yana aiki da murfin lagireto a buɗe har kumfar iska ta daina tasowa.

Yau mako biyar ke nan, zafin yana tsayawa daram ko da kaya ko babu, hita tana ba da zafi, littafina kuma yana nuna kilomita 8 da rabi a lita duk da sanyin bai gama tafiya ba. Na kira ɗan ƙanwata gaban mahaifiyarsa na nemi gafararsa, kuma wannan ya fi man da na samu sauƙinsa muhimmanci a wurina. Garejin kuwa zan koma ne kawai idan matashin nan yana nan, shi ma don bincike, ɗaurin kuma sai ina tsaye a kai. Kuɗin ruwan lagireton da aka karɓa ba a zuba ba, har yau ba a mayar mini ba.